Shekarar da Muka Kai Ɗanmu a Tsorata Mana Shi

Bazara ce, irin wadda kaji ke wuni a gindin rumbu baki buɗe. Rijiyar unguwarmu ta ja baya har sai da aka ƙara wa guga igiya, gari ya yi tsit ana jiran ruwa. A shekarar kuma kowane namiji ya zama alƙali. Rediyo ba ta da zance sai na hukunci, maza in sun fito sallar la'asar ba sa komawa gida sai sun gama da ɓarayin duniya a bakin masallaci, wannan a yi masa bulala, wancan a ɗaure shi har ya tsufa. Mu muna jiyo su ta bayan danga muna surfe. Ban taɓa zaton in sun tashi neman wanda za su gwada a kansa, a ɗakina za su samo shi ba.

Ɗana ne na fari. A ƙauyenmu, can ƙasar Gwashi, uwa ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, in ana yi masa faɗa kuma sai ta sami abin yi a madafa. Da aka yaye shi kakarsa ta ɗauke shi, bai dawo gidanmu ba sai da ta rasu, ya riga ya zama saurayi. Ya dawo da shaƙar sholisho da ya koya wurin masu facin taya, daga nan ya wuce zuwa ƙwaya. In yana cikin hankalinsa yaro ne mai shiru, zai cika miki randa ba ki sa shi ba. In ba ya ciki, duk abin da ba a kafe a ƙasa ba yana iya bin sa: buta, tabarma, kazar maƙwabta.

Yayan mai gidana, wanda yara ke kira Baffa, ya turke rago tun kaka yana ba shi dusa da harawa saboda layya. Ana gab da Babbar Sallah ragon ya tafi kasuwar Gummi bai yi wa kowa sallama ba. Mutane da yawa sun gan su tare da ɗana a hanya, sun ce ma ragon ne a gaba.

Maza suka zauna a zaure. Baffa ya ce duka ya ƙare, nasiha ta ƙare, a kai shi gaban alƙali a tsorata shi, a yi masa 'yan bulalu ya dawo gida da hankalinsa. Kowa ya ce madalla.

To, mu akwai yadda muke yi in an kai yaro gaban babba don a yi masa faɗa. Ba a rage laifi, ƙarawa ake yi. Kowa ya kawo nasa, na bara da na bara waccan, a zuba har yaron ya fara kuka, sannan babban ya ɗaga hannu ya ce ku yi haƙuri, ni na tsaya masa, ba zai ƙara ba. A sha ruwa a watse. Haka aka yi wa mai gidana yana yaro, haka aka yi wa Baffan kansa. Su a tunaninsu kotu zaure ne da aka sa wa benci.

Ni ban je ba. Mai gida ne ya ba ni labari a guntu-guntu, yana kallon ƙofa. Ya ce Baffa ya yi ƙoƙari ƙwarai. Ya faɗi rago, ya faɗi buta, ya faɗi tabarmar masallaci, ya koma har kan mangwaron da yaron ya tsinka tun bai yi kaciya ba. Ya haɗa da wata kaza da duk unguwa ta san muzuru ne ya ci. Alƙali bai katse shi ba, yana ta rubutu. Da aka tambayi mai gida ko haka ne, ya ce ai abin ma ya fi haka, don kada a ce bai taimaka ba. Suna nan suna jiran a ɗaga hannu a ce ku yi haƙuri, alƙali ya ce tunda iyayensa da kansu sun shaida ya saba, shekara guda a gidan yari.

Baffa ya miƙe ya ce, "Allah gafarta Malam, mu dai tsoratarwa munka zo a yi muna."

Alƙali ya dubi yaron ya ce, "To ai ga shi nan ya tsorata."

Kwana biyu Baffa bai fito majalisa ba. Da ya fito kuma, ya fito da sabon bayani: dama abin da ya shirya ke nan. Yaro irin wannan ba abin da ke gyara shi sai wuya, ya kwana a ƙasa, ya ci gabza, ya ji sanda, in ya fito ko akuya ya gani sai ya canza hanya. Mazan bakin masallaci suka yaba masa da ya fara da gidansa.

Saura maganar rago, don ɗaurin bai dawo da shi ba. Kowane saurayi a gidan gandu yana da gayaunarsa, 'yar gonar da uba ke yankar masa ya noma don kansa bayan an gama aikin babbar gona. Ta ɗana tana bakin fadama, ƙasa mai kyau da ya bari ƙaya ta cinye. Mai gida ya ce wa yayansa, a madadin rago, in ruwa ya sauka ɗan Baffa ya shiga gayaunar. Na san abin da hakan ke nufi. Ban taɓa ganin gonar da ɗan'uwa ya noma damina guda ta koma hannun mai ita ba. Yaron zai fito ya tarar ba shi da ko taki ɗaya na ƙasa a garin ubansa.

Na kai wa mai gida tuwo na tsaya.

"Malam, wancan fa in ya fito, mi zai tarar?"

"Ya tarar da abin da ya bari. Ya taɓa riƙe fartanya?"

"Bai taɓa ba."

"To."

Ya sa hannu a tuwo, ni kuma na koma madafa, inda uwar ɗan fari ta fi kyau.

A lokacin ina zuwa ajin yaƙi da jahilci, da yamma, a makarantar yara bayan sun tashi. Malamarmu 'yar Bukkuyum ce, mai kirki, ta yarda da duk abin da rediyo ta faɗa. Ta ja ni gefe ta ce in kwantar da hankalina, gidan yarin yanzu ba irin na da ba ne, makaranta ce. Ana koyar da ɗinki da kafinta, akwai malaman addini, akwai likita, in mutum ya fito ma har keken ɗinki ake ba shi ya kama sana'a. Na yi godiya. Na dawo gida ina lissafi a raina: Baffa ya ce wuya za ta gyara shi, Malama ta ce daɗi zai gyara shi, ta kowane gefe dai ɗana ya dace. Mu da muka bar sauran yaranmu a gida mu ne muka cuce su.

Duk da haka na so in gani da idona. Na daɗe ina kewaye maganar kafin mai gida ya ce, "Ki tahi ki dubo Gwaggonki a Anka. In mota ta wuce da ke, ni ban sani ba."

Na soya ƙuli-ƙuli, na daka yaji, na sayi sabulu. Mota kuwa ta wuce da ni.

A ƙofar gidan yarin mata ne jere a rana, kowace da ƙullinta. Da layi ya zo kaina, gandiroban da ke zaune a bakin ƙofa ya ce, "Inna, wa kika zo gani?"

Na ce, "Ɗana ne na fari."

"Sunansa."

Na dubi ƙasa.

"Inna, rabin mutanen da ke ciki 'yan fari ne. Sunansa."

"Wanda aka kawo kan maganar rago."

"Wane ragon? Muna da masu rago, muna da masu tunkiya, muna da wani mai raƙumi."

Matan bayana suka yi dariya, ba ta mugunta ba. Wata dattijuwa ta ce in raɗa mata a kunne ita ta faɗa. Na ce raɗa ma ai faɗi ne. Gandiroba ya ce to in matsa gefe in na tuna na dawo, shi bai hana ni kunya ba amma akwai mutane. Na matsa. Na tsaya ina tunanin na keto duk wannan hanya in koma da ƙuli-ƙulina, sai na tuna kakanninmu da suka hana faɗi ba su ce komai a kan rubutu ba, don ba su zaci za mu iya ba. Na durƙusa a gabansa na share ƙasa da tafin hannu, na rubuta da yatsa, harafi bayan harafi yadda Malama ta koya mana. Ya karkato kai ya karanta, ya ƙwala sunan da ƙarfi har na bayan layi suka ji. Ni dai ban faɗa ba. Sannan ya kwance ƙullina ya ɗebi ƙuli-ƙuli cike da hannu, ya ce doka ce a ɗanɗana ko da guba. Abokin aikinsa ma ya zo ya ɗanɗana, don a tabbatar.

Aka fito da shi bayan wata ragar waya. An aske masa kai, wuyansa ya yi tsawo, ga ƙazwa tsakanin yatsu. Amma idonsa fari ne tas, rabon da in ga haka tun dawowarsa gidanmu.

"Inna."

Na dubi bangon da ke gefensa na ce, "An wuni lafiya?"

"Lafiya lau. Ina su Baba?"

"Suna gaisuwa."

Ya yi ɗan murmushi, don ya san ba su aiko ba.

Na ce, "An ce ana koya muku ɗinki."

"Akwai keke, Inna. Shina wani ɗaki an lulluɓe shi da zane. In manyan baƙi sunka zo sai a buɗe, a zaunar da wani wanda dama tela ne tun a waje. In sun tahi a rufe."

"Kafinta fa?"

"An ce zarton na wurin gyara."

"To mi kuke yi?"

Ya ɗaga tafin hannunsa ya manna a raga. Duk kanta ne, wani wurin ya fashe. Ya ce kullum da safe ana fita da su gonar wani babba, sun yi sassabe, sun tone kututture, yanzu taki suke watsawa kafin ruwa. Na daɗe ina kallon hannun. Shekara da shekaru ubansa na bin sa da fartanya yana zillewa, ashe hukuma yake jira ta roƙe shi, a gonar wanda bai san sunansa ba.

Na tambaye shi ko ana dukansu. Ya ce ana yi, amma bai kai na Baffa ba. Na tambaye shi, a kaikaice, abin nan da yake sha. Ya ce akwai a ciki, har ya fi na waje sauƙin samu, sai dai da kuɗi, shi kuwa ba shi da ko sisi. Ya ce farkon zuwansa jikinsa rawa yake yi, yana amai, yana buga kai da bango. Wani tsoho a ɗakinsu ne ke danne shi, ya jiƙa rigarsa da ruwan shansa ya ɗora masa a goshi, yana yi masa karatu har ya lafa.

"Shi ne likitan?"

"A'a, Inna, shi ma ɗaurarre ne."

"Mi ya yi?"

"Ba a gaya mishi ba tukuna. Shina jiran shari'a. Ya ce sanda anka kawo shi gemunsa baƙi ne."

Ya ce malami guda ne a gidan ba ya fashin aji, wani mai koya wa yara buɗe kwado da guntun waya, kyauta. Shi ma ɗan nawa 'yan ɗakinsu sun yi masa gyara, sun ce wauta ce mutum ya kai rago kasuwar da kowa ya san mai shi. Ya faɗi wannan yana dariya, da ya ga ban yi ba ya daina.

Sai ya hau sosa yatsu. Can ya ce, "Ruwa ya sauka wajenmu?"

"Tukuna."

"Gayaunar nan tawa ta bakin fadama fa?"

Ban yi niyyar gaya masa ba, kuma ban gaya masa ba. Na gyara mayafina kawai. Ya gane.

Ya ce, "Akwai wani da anka saki bayan zuwana. Har rabon kayansa ya yi muna, ya ce shi da nan har abada. Ƙazwarsa ba ta warke ba ya dawo. Ya ce ya je gida ya tarar an zuba gyaɗa a ɗakinsa, gonarsa ƙanensa na ciki, kowa in ya gan shi sai ya jawo akuyarsa. Ya ce nan aƙalla an san wurin kwanansa." Ya dubi ƙasa. "Ina dai tambaya ne, Inna."

Gandiroba ya buga sanda a raga ya ce lokaci ya yi. Yaron ya juya zai tafi, ya waiwayo.

"Wa ya faɗa musu sunana a ƙofa?"

Na ce, "Ba ni ba."

Da na dawo gida, Baffa ne ya fara aiko matarsa, daga baya ya kasa haƙuri ya zo da kansa ya tsaya a bakin zaure.

"Ya Gwaggon taki?"

"Da sauƙi, Yaya."

"Shi wancan, ya ji jiki?"

"Ya ji."

"Alhamdu lillahi. Ai na faɗa."

Malama kuma ta tambaye ni wace sana'a aka sa shi. Na ce noma. Ta ce to ai shi ma sana'a ne, gwamnati ta san abin da ya dace da kowa. Duk su biyun na bar su da farin cikinsu, ban ga amfanin ɓata musu ba.

Ni abin da na gani ban san sunan da zan ba shi ba. In horo ne, ya sha, amma wanda ya dawo kafin ƙazwarsa ta warke ma ya sha irinsa. In gyara ne, keken na ƙarƙashin zane. Abin da ya raba ɗana da ƙwaya talauci ne da wani tsoho da aka manta da shi, kuma ban ji alƙali ya rubuta ko ɗaya daga ciki ba. A ɗaki guda ake ba shi karatun tsohon da karatun mai kwado, wanda zai ɗauka ya fito da shi kuwa ba a can za a yanke ba, a nan ne, ranar da ya sauka daga mota ya duba ko akwai inda zai nufa.

Na gaya wa mai gida maganar hannun. Na ce ya yi kanta, ya fashe, a gonar wani. 

"Na riga na ba Yaya magana," in ji shi. "Ba ni tashe ta."

"Ban ce ka tashe ta ba, Malam."

Ya tashi ya fita. Da la'asar na gan shi a bayan rumbu yana gyara ƙotar wani tsohon sungumi da ba mai amfani da shi, ya gama ya jingine shi kusa da ƙofar madafa, inda ba a ajiye kayan gona. Ban tambaye shi ba, shi ma bai dube ni ba.

A wurinmu ba a tone irin da ya riga ya shiga ƙasa, ko na abokin gaba ne. Wanda ya shuka, daminar tasa ce. Kuma ranar ruwan farko duk namijin gida babbar gona yake nufa, ba mai taɓa gayauna sai an gama shukar gandu. Na san da wannan. Na kuma san abin da za a ce: mace kamata, mai surukai a gari, ta fita gona da sungumi kamar wadda ba ta da kowa, kuma a kan ɗan fari, ɗan farin ma ɓarawon rago. Kunyar da na riƙe tun ina yarinya za a ce na zubar da ita a bakin fadama.

Bayan 'yan kwanaki hadari ya haɗo daga gabas ana kiran la'asar. Ruwa ya sauka sosai, har ya tsaya a tsakar gida, yara suka fita suna tsalle a ciki. Maza suka yi ta fito da iri suna duba sunguma.

Washegari da na idar da sallar asuba na buɗe tukunyata na ɗebi geron iri a ƙwarya, na ɗauki sungumin na bi ta bayan gida. Ƙasa ta yi laushi, ƙaya ta kama min zane. Aikin mutum biyu ne, ɗaya na sara ɗaya na bi da iri, ni kuwa sai in sara layi in ajiye sungumi, in dawo in zuba in rufe da diddige. Rana ta ɗan ɗaga na kai kusan rabi, sai ga Baffa a kan jakinsa zai wuce babbar gona, ɗansa na biye da shi. Ya ja linzami ya tsaya a bakin iyaka. Ya dubi ramukan da na rufe, ya dubi ƙwaryar, ya dube ni.

Na durƙusa na ce, "Ina kwana, Yaya. Ya ruwa?"

"Ruwa ya yi gyara." Ya daɗe yana kallo. "Layinki ya karkace."

"Haka zai fito, Yaya."

Ɗan nasa ya buɗe baki zai yi magana, Baffa ya ce masa ya wuce rana na yi. Na jira har suka sha kwana, na ɗauki sungumin na kama layi na gaba.